Dizal daga gansakuka: lissafin ruwa da taki da wuta a ƙasar Aliero

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, kuɗin mai ya zama abin da manomin rani a Aliero da Jega da Maiyama yake fara lissafawa kafin iri da taki, domin albasar da ta yi wa Aliero suna ba ta yin kai sai da ban ruwa a kan kari, ban ruwan kuma ba ya yiwuwa sai inji ya sha mai. Dizal kuwa ya daɗe ba shi da tallafi, kuma da shi taraktoci da injinan casar shinkafa ke aiki, da shi kuma manyan motoci ke kwasar buhunan albasa zuwa Legas da Anacha da Fatakwal, saboda haka da zarar farashinsa ya motsa sai an ji a kasuwar Jega. A irin wannan yanayi ne ake sake tono tsohuwar maganar samar da mai daga tsirrai, kuma a cikin tsirran da ake ambata babu wanda ya sha kirari kamar gansakuka, wato korayen halittun da ke rine kududdufi ko tafkin kifi idan ruwa ya daɗe a tsaye. A ƙasar Aliero, mazaɓar Kashin Zama da maƙwabtanta irin su Sabiyal da Danwarai suna da rana mai ƙarfi kusan duk shekara, suna da fili, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha da Jihar Kebbi ta kafa a Aliero a 2006, don haka mai hange daga nesa zai iya cewa an gama haɗa kayan aiki. Sai dai wannan magana ce ta lissafi, kuma an yi fiye da shekara 40 ana yin lissafin a wasu ƙasashe.

Gansakukar da ake nufi a nan ba mai zare-zaren da ake iya tsamowa da sanda ba ce, ƙananan halittu ne masu ƙwayar rai ɗaya da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, waɗanda ke amfani da hasken rana da iskar kabon, wato iskar da ke fita daga numfashi da ƙonewar mai, su gina jikinsu, wasu daga cikinsu kuma su tara mai da ya kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na busasshen nauyinsu. Ana noma su ko dai a buɗaɗɗen tafki marar zurfi, mai kamar santimita 20 zuwa 30, wanda wata farfela ke juya ruwansa dare da rana, ko kuma a cikin rufaffun bututun gilashi ko roba. Idan an girbe su aka tatsi man, sai a haɗa shi da sinadarin metanol da ɗan soda a ɗumama, man ya rabu gida biyu: mai ruwa-ruwa da injin dizal zai iya ƙonawa, wanda shi ake kira bayodizal, da kuma gilisirin da ake sabulu da man shafawa da shi. Wannan mataki na ƙarshe ba shi da wuya, kuma da man gyaɗa ko manja ko man darbejiya ma haka ake yi. Wahalar duk tana gabaninsa.

Abin da ya ja hankalin duniya shi ne yawan man da aka ce kadada ɗaya za ta bayar. A wata maƙala da ta yi tashe a 2007, Yusuf Chisti na Jami'ar Massey da ke ƙasar Niyu Zilan ya jera cewa waken suya na ba da lita 446 a kadada a shekara, bini-da-zugu lita 1,892, kwakwar manja lita 5,950, gansakuka mai kashi 30 cikin 100 na mai kuwa lita 58,700. Alkaluman sun yi ta yawo daga taro zuwa taro, ba kowa ne kuma ya lura ba cewa na sauran tsirran daga gonaki aka samo su, na gansakuka kuwa ƙiyasi ne da aka faɗaɗa daga ƙananan gwaje-gwaje. Alhali kuwa akwai darasin da ya riga wannan maƙala. Bayan tashin farashin mai na 1973, Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta gudanar da shirin binciken halittun ruwa daga 1978 zuwa 1996, ta kashe kimanin dala miliyan 25, ta tattara nau'o'in gansakuka kusan 3,000, ta kuma haƙa tafkunan gwaji masu faɗin murabba'in mita 1,000 a garin Roswel na jihar Niyu Meziko. Masu binciken sun gano abubuwa biyu da har yau ba su canja ba. Na farko, gansakuka ba ta tara mai da yawa sai an hana ta sinadarin naitirojin, wato an bar ta da yunwar taki, kuma da zarar an yi haka sai girmanta ya tsaya, ribar da aka samu ta wannan gefe ta zube ta wancan. Na biyu, zaɓaɓɓen irin da ya yi kyau a ɗakin gwaji ba ya daɗewa a buɗaɗɗen tafki, domin gansakukar yankin da iska ke kawowa takan mamaye shi. An rufe shirin ne da hukuncin cewa man ba zai iya gogayya da dizal na ƙasa a farashi ba.

Da farashin ɗanyen mai ya sake hawa, manyan kamfanoni sun dawo da jakar kuɗi. Shell ya shiga wani aiki a tsibirin Hawai a 2007 ya fice a 2011. Solazyme, wanda ya sayar wa rundunar sojan ruwan Amurka man gwaji, ya sauya suna zuwa TerraVia a 2016 ya koma harkar abinci, ya kuma durƙushe a 2017. ExxonMobil ne ya fi kowa daɗewa: ya fara a 2009, ya yi alkawari a 2018 cewa zai kai ga iya samar da ganga 10,000 a rana nan da 2025, sannan a farkon 2023 labari ya fito cewa ya janye bayan ya kashe sama da dala miliyan 350. Ba rashin kuɗi ko ƙarancin masana ne ya kayar da waɗannan ba.

Abin da ya kayar da su shi ne ma'aunin da masana ke kira ribar makamashi, wato a raba makamashin da ke cikin man da aka samu da makamashin da aka kashe wajen samar da shi. Idan amsar ba ta haura 1 ba, to an yi aikin banza, ko da kuwa man ya tayar da inji. Matsalar gansakuka ita ce a tsarwatse take cikin ruwa. A buɗaɗɗen tafki, lita ɗaya ta ruwa ba ta cika ɗauke da fiye da rabin giram na busasshiyar gansakuka ba, kwatankwacin a zuba garin kuka cikin tafin hannu a durom guda na ruwa sannan a ce a tsamo shi. Dole a sa sinadarin da zai dunƙule ta ta kwanta, a bi da ita ta injin da ke juyawa da gudu yana wurgar da ruwa, kuma duk da haka abin da zai fito caɓi ne wanda kashi 80 cikin 100 nasa ruwa ne. Ma'ana, kowane kilo ɗaya na gansakuka yana tare da kilo 4 na ruwa. Ƙafar da kilo ɗaya na ruwa da wuta yana cin megajul 2.3, wanda shi ne ma'aunin makamashi, kilo 4 ke nan ya ci kimanin megajul 9. Man da ke cikin wannan kilo ɗaya na gansakuka, idan rubu'insa mai ne, makamashinsa shi ma bai wuce megajul 9 da 'yan kai ba. Busarwa kaɗai ta cinye man, tun ba a sa wutar farfela da ta famfo da takin da metanol a lissafi ba.

Wannan ne abin da Laurent Lardon da abokan aikinsa a Faransa suka nuna a 2009, lokacin da suka bi man tun daga tafki har zuwa tankin mota suka tarar cewa busarwa da tatsa ne ke lashe mafi yawan makamashin. A 2010 Andres Clarens na Jami'ar Bajiniya ya kwatanta gansakuka da masara da wasu tsirran mai, ya samu cewa ta fi su cin makamashi da ruwa da fitar da iska mai ɗumama yanayi, saboda takin zamani da iskar kabon da ake sayo mata, in ban da wajen tsimin fili da rage gurɓata koguna da ta fi su. Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta tattara irin waɗannan nazarce-nazarce a rahotonta na 2012, inda ribar makamashin ta kama daga 0.13 zuwa 3.33, ruwan da lita ɗaya ta mai ke ci kuma ya kama daga lita 3 zuwa lita 3,650 gwargwadon hanyar da aka bi. Rahoton ya ce samar da kashi 5 cikin 100 kacal na man sufurin Amurka daga gansakuka zai buƙaci tan miliyan 6 zuwa 15 na naitirojin a shekara, ya kuma yanke cewa da fasahar wancan lokaci abin ba mai ɗorewa ba ne.

Idan aka sauko da lissafin kan kadada ɗaya a Kashin Zama, ana iya yi wa gansakuka kara a ɗauka cewa kowace murabba'in mita za ta ba da giram 20 a kullum duk shekara, abin da tafkunan gwaji da yawa ba sa kaiwa. Wannan kilo 200 ke nan a rana, tan 73 a shekara, kuma idan rubu'insa mai ne za a samu kimanin lita 55 a rana, ko lita 20,000 a shekara, kusan sulusin abin da Chisti ya rubuta. Kafin a tsamo kilo 200 ɗin nan sai an tace lita 400,000 ta ruwa kowace rana. Ruwan da aka tace ana iya mayar da shi tafki, amma wanda rana da iska suka ɗauke ya tafi ke nan, kuma a wannan yanki da damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar ba, abin da ke ƙafewa daga buɗaɗɗen ruwa a shekara ya ninka ruwan saman da ake samu fiye da sau biyu. Milimita ɗaya a kan kadada lita 10,000 ce. Idan tafki ya rasa milimita 7 a rana ta rani, lita 70,000 ta tashi, wato sama da lita 1,200 ta ruwa a kan kowace lita ɗaya ta mai. Ruwan nan ba daga teku zai fito ba kamar yadda ake yi a Hawai, daga Gulbin Zamfara ko rijiyoyin fadama zai fito, inda manomin albasa da barkono da shinkafa ke jefa tiyonsa. Ga kuma abin da ƙafewa ke bari: gishiri yana taruwa a tafkin har sai an zubar da wani kaso na ruwan, kuma duk fadamar da aka zuba wa irin wannan ruwa tana iya yin kanwa ta daina ba da amfani.

Lissafin taki ya fi na ruwa tayar da hankali. Ko da an ɗauka cewa naitirojin kashi 5 ne kawai cikin 100 na nauyin gansakukar, tan 73 na buƙatar sama da tan 3 da rabi na sinadarin, kuma tun da takin yuriya kashi 46 cikin 100 nasa ne naitirojin, ana maganar kusan buhu 160 ke nan mai kilo 50 a kadada ɗaya a shekara, idan ba a sake sarrafa tukar da ta rage bayan tatsa aka mayar da ita tafki ba. Manomin shinkafar da ya wadata gonarsa ba ya zuba buhu 10 a kadada a zubi ɗaya. Yuriyar kanta da iskar gas ake yin ta, don haka man da ake kira mai tsabta yana ɗauke da hayaƙin masana'antar taki a ɓoye. Sannan kowane kilo na gansakuka na cin kimanin kilo 1.8 na iskar kabon, wadda ba ta shiga ruwa daga sararin sama da saurin da ake so, sai an hura ta ta bututu: tan 130 a shekara ga kadada ɗaya. A Turai da Amurka ana jingina tafkunan ne da tashar wuta ko masana'anta a ja hayaƙinta. Babbar masana'antar da ke fitar da irin wannan iska kusa da Aliero ita ce ta siminti da ke Kalambaina a Sakkwato, fiye da kilomita 100 daga nan, kuma babu mai jan hayaƙi a bututu wannan nisa don ya ciyar da tafki.

Yanayin ma bai kai yadda ake zato alheri ba. Yawancin nau'o'in da ake nomawa sun fi son ɗumi tsakanin digiri 20 zuwa 30, alhali a watannin Maris da Afrilu zafin yankin yana haura 40, ruwa marar zurfi kuma saurin ɗaukar zafi gare shi. Da hunturu dare yana sanyi, hazo yana rage haske, ƙura tana zuba cikin tafki da duk ƙwayoyin da take ɗauke da su. Da damina kuma wanda ya haƙa tafki a fadama don kusanci da ruwa ya tuna ambaliyar 2020 da ta shafe gonakin shinkafa a jihar. Farfela ba ta son ɗaukewar wuta, domin idan ta tsaya gansakuka kwanciya take yi ta ruɓe, kuma inda wutar lantarki ba ta da tabbas janareta ne mafita. Mai ƙona dizal don ya noma dizal kuwa ba sai an gaya masa ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu ba.

Ba za a hana gansakuka haƙƙinta ba. Tana iya girma a kan faƙo ko tsandaurin da ba ya fitar da gero, don haka ba ta ƙwace gonar abinci yadda masara da rogo da rake ke yi idan aka mayar da su mai. Bayodizal ba shi da farar wuta sosai, hayaƙinsa kuma bai kai na dizal na ƙasa baƙi ba, ko da yake lita ɗaya tasa ba ta kai ta dizal ƙarfi da kusan kashi 10 cikin 100. Akwai kuma fifiko ɗaya na gaskiya da wannan yanki ya fi Faransa da shi, wato busarwa da rana kyauta, wadda za ta cire babban kaso na megajul 9 ɗin nan daga lissafi. Amma shanya tana cin fili da hannaye, man yana lalacewa idan caɓin ya daɗe a rana, kuma ba ta taɓa matsalar ruwa da taki da kabon ko kaɗan.

Tarihin Nijeriya da man tsirrai ma abin dubawa ne. A 2007 gwamnatin tarayya ta fitar da manufar da ta tanadi gauraya kashi 10 cikin 100 na etanol a fetur da kashi 20 cikin 100 na bayodizal a dizal, a daidai lokacin da ake tallata bini-da-zugu a Afirka da Indiya a matsayin shukar da za ta ba da mai a ƙasar da ba ta noma, sai daga baya aka gane cewa in babu ruwa da taki rayuwa kawai take yi ba 'ya'ya ba. A 2017 kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ƙarƙashin Maikanti Baru, ya sa hannu da gwamnatin Atiku Bagudu kan yarjejeniyar samar da etanol daga rogo da rake a Kebbi. Etanol daga rake fasaha ce da Barazil ta ƙware a kanta tun shekarun 1970, amma duk da haka mai sayen mai a Jega bai saba ganin gauraye a famfo ba. Ƙasar da mai sauƙin ya yi mata nauyi ba ta da dalilin fara da wanda ya gagari ExxonMobil.

Akwai kuma wani abu da masu tallar man gansakuka ke tsallakewa, shi ne cewa ƙaramin injin ban ruwan da manomi ke ɗaurawa a bayan babur ya kai bakin fadama, akasari fetur yake sha, bayodizal ba ya shiga cikinsa. Buƙatar manomin ba mai ba ce, ɗaga ruwa ce, kuma a nan rana tana da gajeriyar hanya. Murabba'in mita ɗaya a wannan yanki na samun hasken da ya kai kimanin megajul 20 a yini. Gansakuka mai giram 20 tana adana abin da bai kai kashi 1 cikin 100 na wannan ba a matsayin mai, injin kuma ya zubar da kashi biyu cikin uku na man a matsayin zafi. Faifan sola na kasuwa yana mayar da kusan kashi 20 cikin 100 na hasken zuwa wuta kai tsaye, ba ya shan ruwa sai na goge ƙura, ba ya cin yuriya. Abin da ke hana manomi shi ne kuɗin saye na farko, kuma wannan matsala ce ta bashi mai sauƙin biya, ba ta kimiyya ba. Masu injin casa kuwa suna zaune ne a kan tudun buntun shinkafa da ake banka wa wuta a bayan gari, wanda ana iya ƙona shi a tukunyar da ke fitar da gas ya juya inji, kamar yadda ake yi a ƙauyukan jihar Bihar ta Indiya.

Inda gansakuka ta tabbatar da amfaninta ba a tankin mota ba ne, kuma misalin bai yi nisa da ƙasar Hausa ba. A yankin Kanem da ke gabashin Tafkin Cadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wata irin gansakuka da ake kira dihe daga tafkunan kanwa: su ɗebo koren ruwan da ƙwarya ko kwano, su zuba a wani ɗan rami mai faɗi da suka shafe a cikin yashi, yashin ya tsotse ruwan, rana ta busar da sauran, su yanka shi gunduwa-gunduwa a kai kasuwa a yi miya da shi. Masanin tsirrai ɗan Beljiyam Jean Léonard ya gan shi a kasuwar birnin da yanzu ake kira Injamena a 1964, daga baya aka tabbatar cewa sifirulina ce, mai kimanin kashi 60 cikin 100 na furotin, wato sinadarin gina jiki. Kanwar ruwan tana hana wasu halittu mamaye ta, yashi da rana suna yin aikin da injin tacewa da wuta ke yi a Turai, kilo ɗaya na abinci kuma ya fi kilo ɗaya na mai daraja nesa ba kusa ba. Ɗaya hanyar ita ce wadda William Oswald na Jami'ar Kalifoniya ya buɗe a shekarun 1950, ta sa gansakuka ta tsabtace ruwan ƙazanta: ta cinye naitirojin da fosforas da ke cikin ruwan kwata ko na mayanka ko na tafkin tarwaɗa, ta bar ruwan da za a iya ban ruwa da shi, ita kuma a mayar da ita taki ko a zuba ta a ramin gas na girki ba tare da an busar ba. A nan takin kyauta ne, ruwan ma wanda dama za a zubar ne, kuma taki yana cikin abubuwa biyu da Clarens ya ce suna kayar da lissafin.

Jami'ar Aliero da Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1982 a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, suna da aikin da ya dace da su a wannan fage: su auna ainihin abin da ke ƙafewa da abin da ke girma a ƙaramin tafki a kowane wata na shekara, su tantance nau'o'in gansakukar da suka saba da zafin Gulbin Zamfara, su gwada ta a matsayin abincin kifi, wanda tsadarsa ce ke korar masu kiwon tarwaɗa daga sana'ar. Gwamnatin jiha da shugabannin ƙananan hukumomin Aliero da Jega da Maiyama kuwa, duk wanda ya zo musu da takardar neman fili da ruwan fadama da sunan noman dizal daga gansakuka, su nemi ya fara nuna alkaluma uku da aka auna a tafki na gaske tsawon shekara guda: litar ruwa nawa, buhun taki nawa, da wuta nawa kowace litar mai ta ci. Wanda ya kasa kawo su kada a ba shi ko kadada ɗaya.